Furotin ɗin da Aka Raɗa wa Suna Kafin a San Aikinsa

A garin Ardmore, kudancin jihar Oklahoma ta Amurka, akwai wata gidauniya da attajirin man fetur Lloyd Noble ya kafa a 1945 don tallafa wa manoman yankin da gonakinsu suka gaji. Ban da harkar noma, a da gidauniyar tana da sashen binciken cututtuka. A wannan sashe ne, wajen ƙarshen shekarun 1980, wani masani mai suna Keith McClung da abokan aikinsa suka sa wata tambaya a gaba: me ke sa ƙwayoyin jiki su daina hayayyafa idan lokacin tsayawa ya yi? Tambayar ba ƙarama ba ce, domin sankara ba komai ba ce illa ƙwayoyin da suka ƙi tsayawa. Duk wanda ya gano abin da ke tsayar da su, to ya kama hanyar magani.

Hantar ɓera suka zaɓa, kuma da dalili. Tun 1931 masana suka san cewa idan aka yanke kashi biyu bisa uku na hantar ɓera, ragowar takan tofo ta cike gurbin cikin mako ɗaya ko kwana goma, sannan ta tsaya cak. Ke nan hanta ta san lokacin tashi, ta kuma san lokacin zama. McClung ya yi tunanin cewa in akwai wani abin da ke cewa "a tsaya", to za a same shi da yawa a hantar da ke zaune lafiya, ya kuma yi ƙaranci a wadda ke tofowa.

Don a fahimci abin da ya biyo baya, sai an san yadda jiki ke ƙera furotin. Bayanin kowane furotin yana rubuce a ƙwayar gadonsa, cikin cibiyar ƙwayar jiki. Ba a fitar da asalin rubutun. Kwafe shi ake yi a wani siririn zaren saƙo da ake kira RNA, shi ne ke fita zuwa inda ake harhaɗa furotin ɗin. Wannan saƙo yana da tsakiya, inda ainihin bayanin furotin yake, yana kuma da kai da jela waɗanda ba a karanta su wajen ƙira. A wancan zamani ba a cika damuwa da jelar ba.

Masanan Ardmore suka kwatanta saƙonnin hantar da ke zaune da na wadda ke tofowa, suka tsamo guda ɗaya da ya fi yawa a ta zaunen. Suka bayyana shi a 1989. Bayan shekara biyu suka yi gwajin da ya ja hankalin duniya: suka haɗa saƙon a ɗakin gwaje-gwaje, suka ɗura shi da allura mai tsananin siranta cikin ƙwayoyin mutum masu lafiya, da kuma ƙwayoyin sankarar nan da ake kira HeLa, waɗanda aka samo daga jikin Henrietta Lacks a 1951 kuma har yau ba su daina hayayyafa ba. Ƙwayoyin da aka ɗura wa saƙon suka fasa kwafar sinadarin gadonsu, wato suka fasa shirin rabuwa. Masanan suka ɗauka furotin ɗin da saƙon ke ƙerawa ne ya yi wannan aiki, suka raɗa masa suna furohibitin, wato mai hanawa.

Daga nan komai ya riƙa tafiya kamar an tsara. A 1990 Mary-Claire King ta nuna cewa ƙwayar gadon da ke sa sankarar mama ta bi wasu zuri'o'i tana wani yanki na kuromosom na 17, amma ba a kai ga gano ta ba tukuna, ɗakunan bincike na ƙasashe da dama suna ta tseren nemanta. Sai ga wasu masana a Japan a 1992 sun gano cewa ƙwayar gadon furohibitin ta ɗan Adam tana wannan yanki daidai. Suka duba ƙarin mama 23, suka tarar ta sauya a guda 4. Furotin mai hana hayayyafa, zaune a unguwar da ake zargi, ga shi kuma an same shi a gurɓace cikin ƙari. Wa zai ga laifin wanda ya yi zaton an kama ɓarawo?

Murna ta koma ciki a 1994, lokacin da masana a jihar Utah suka ware ainihin ƙwayar gadon da ake nema, wadda ake kira BRCA1. Furohibitin maƙwabciyarta ce kawai.

A shekarar ce kuma furotin ɗin ya fara ɓullowa inda ba a zata ba. A Freiburg ta Jamus, ɗakin binciken Michael Reth yana nazarin ƙwayoyin garkuwar jiki masu ƙera sinadaran yaƙi da cuta, sai suka tarar da wasu furotin biyu manne da na'urar da waɗannan ƙwayoyi ke gane abokin gaba da ita. Suka sa musu suna BAP32 da BAP37. Da aka duba, ashe BAP32 furohibitin ne, BAP37 kuma ɗan'uwansa ne da ba a san da shi ba. A 1999 wasu masanan a Jami'ar Illinois, ƙarƙashin Benita Katzenellenbogen, suka sake "gano" wannan ɗan'uwa yana dakushe aikin sinadarin mata na istirojin, suka ba shi wani sunan daban, REA. Yau ana kiran su PHB1 da PHB2. Na farko yana da tubalan amino asid 272, na biyu 299, kuma ƙwayar gadon na biyun tana kuromosom na 12.

Amma babban abin da ya girgiza labarin ya zo ne a 1995 daga Heidelberg. Elina Ikonen da abokan aikinta suka yi tambaya mai sauƙi: a ina wannan furotin yake zaune cikin ƙwayar jiki? In dai aikinsa hana kwafar sinadarin gado ne, ai a cibiya ya kamata a same shi. Sai suka same shi a mitokondiriya.

Mitokondiriya wasu 'yan ƙananan jakunkuna ne da ke warwatse cikin ƙwayar jiki, ɗaruruwa ko dubbai a kowace ƙwaya. A cikinsu ake haɗa abincin da muka ci da iskar da muka shaƙa a fitar da makamashin da zuciya ke bugawa da shi, ƙwaƙwalwa ke tunani da shi. Kowace tana da tantani biyu. Na waje sumul yake, na ciki kuwa an nannaɗe shi lanƙwasa bayan lanƙwasa don a sami fili mai yawa a ɗan ƙaramin wuri, kuma a jikin waɗannan lanƙwasoshi injinan samar da makamashi suke jere. A wannan tantani na ciki furohibitin yake kafe. To me ya haɗa mai zama a nan da hana ƙwaya rabuwa?

Amsar ta fito ne daga Oklahoma ɗin dai. A 1996 Eldon Jupe da Robert Dell'Orco, wanda yana cikin ayarin farko, suka sake gwajin allura, amma wannan karon suka yanyanka saƙon. Suka ɗura jelar ita kaɗai, wadda ba ta ɗauke da bayanin furotin ko kaɗan. Ƙwayoyin suka tsaya. Ashe ƙarfin hanawar a jelar saƙon yake. Shekaru ana yabon furotin da aikin da wani guntun RNA ya yi, sunan kuma ya riga ya bi shi, ba a sake masa wani ba.

A nan wani zai ce labari ya ƙare, furotin ɗin ya zama abin da Bahaushe ke cewa an yi ba a yi ba. Abin da ya hana a watsar da shi abu ɗaya ne: ko'ina aka duba sai a gan shi. Yana cikin yis ɗin da ake kumbura burodi da shi, yana cikin tsirrai, da ƙuda, da tsutsa, da ɓera, da mutum, kuma kamanninsa ba su sauya sosai ba duk da nisan da ke tsakanin waɗannan halittu. Ruwa ba ya tsami banza. Abin da aka adana haka, lalle yana da aikin da ba a iya rabuwa da shi.

Yis ne ya fara tona asirin. A 1997 Philip Coates da abokan aikinsa a Birtaniya suka cire furotin ɗin daga yis. Bai mutu ba, amma ya tsufa da wuri: yawan 'ya'yan da kowace ƙwaya ke iya tsirarwa kafin ta gaji ya ragu. An kuma lura da wani abu da ya tabbata a kowace halitta da aka gwada daga baya: in ka cire ɗaya daga cikin 'yan'uwan biyu, ɗayan ma sai ya ɓace, domin ba ya iya tsayuwa shi kaɗai. A 1999, a Munich, Thomas Langer da abokan aikinsa suka nuna cewa 'yan'uwan biyu suna manne da wani inji mai daddatsa furotin ɗin da suka lalace a tantanin ciki, kuma idan babu su injin yakan zarce da sara, har ya cinye sababbin sassan da ba a gama harhaɗa su ba. A 2000 masana a Amsterdam suka ƙara da cewa furohibitin yana riƙe waɗannan sababbin sassa har su sami abokan haɗinsu.

Langer ya koma birnin Kolon, kuma a can aka fara ganin siffar abin a 2005. PHB1 da PHB2 suna jeruwa ne ɗaya bayan ɗaya su yi zobe mai faɗin kamar nanomita 20 zuwa 25. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne bisa miliyan na milimita. Tantanin mitokondiriya ba busasshen bango ba ne, wani irin maiƙo ne da abubuwa ke yawo a cikinsa. Zoben yana yin abin da makiyayi ke yi da shingen ƙaya ne: ya killace wani ɗan fili, ya tara waɗanda ya kamata su kwana tare, ya raba su da waɗanda za su yi musu ɓarna. A 2009 ɗakin Langer ya nuna cewa cikin abubuwan da ake killacewa har da wasu nau'o'in maiƙo, musamman kadiyolifin, wanda a mitokondiriya kusan kaɗai ake samunsa, kuma injinan makamashi ba sa aiki daidai sai da shi.

Yis yana jure rashin furohibitin, amma dabbobi ba sa jurewa. Marta Artal-Sanz ta nuna a 2003 cewa 'yar tsutsar nan ta ɗakin gwaji, C. elegans, tana mutuwa tun tana ƙwai idan aka hana ta shi. Ɓera ma haka, ɗan tayin ba ya kaiwa ko'ina. Don haka Carsten Merkwirth, ɗalibin Langer, ya nemi dabarar kashe ƙwayar gadon PHB2 cikin ƙwayoyin ɓera da aka riga aka raina a faranti. Sakamakon da ya fitar a 2008 ya kifar da tsohon zato gaba ɗaya. In da furohibitin mai hana hayayyafa ne, cire shi zai sa ƙwayoyi su yi ta rabuwa ba ƙaƙƙautawa. Sai aka ga akasin haka: ƙwayoyin suka daina hayayyafa, mitokondiriyarsu ta farfashe, lanƙwasoshin ciki suka rushe, kuma ɗan abu kaɗan ke kashe su.

Merkwirth ya bi sawun ɓarnar har ya kai ga wani furotin mai suna OPA1, wanda ke ɗaure lanƙwasoshin tantanin ciki yana kuma haɗe mitokondiriya da 'yar'uwarta. Likitocin ido sun san shi, domin tun 2000 aka gano cewa gurɓacewarsa ce ke jawo wata makanta ta gado mai busar da jijiyar ido. Idan babu furohibitin, wani almakashin tantani yakan yanke dogon nau'in OPA1 ya bar guntaye. Da aka sa wa ƙwayoyin wani OPA1 da ba ya yankuwa, sai lanƙwasoshin suka dawo, ƙwayoyin suka ci gaba da rabuwa ba tare da furohibitin ba.

Daga nan masana suka shiga kashe shi gaɓa-gaɓa a jikin ɓeraye, kowace gaɓa kuma ta nuna cutarta. A ƙwaƙwalwa, a 2012, ƙwayoyin jijiya suka mutu, ɓerayen suka rasa ƙwaƙwalwar tuna hanya, furotin ɗin tau ya dunƙule irin yadda ake gani a cutar mantuwa ta Alzheimer. A Janeba, a 2013, aka kashe shi a ƙwayoyin da ke samar da insulin, ɓerayen suka kamu da ciwon sukari. A ƙoda, matatar jini ta ɓalle, furotin ya riƙa zuba cikin fitsari har ƙodar ta gaza. A jikin mutum ma an ga alamu: masu fama da kumburin hanji mai daɗewa suna da ƙarancin furohibitin a bangon hanjinsu. Akwai kuma wata cutar zuciya ta gado da aka fara bayyanawa cikin al'ummar Hutterite ta Kanada, wadda ke buɗa zuciyar yara ƙanana tana kuma hana su daidaita tafiya. Furotin ɗin da ya lalace a wannan cuta, DNAJC19, an gano a 2014 cewa tare da furohibitin yake aikin gyaran kadiyolifin.

Sankarar da aka faro da ita fa? Ba a nan gizo ke saƙar ba. Ƙwayar sankara tana bukatar makamashi da kayan gini, don haka a nau'o'in ƙari da yawa furohibitin ƙaruwa yake yi, ba raguwa ba. A 2005, a Balin, aka nuna cewa ɗan abin da ke zaune a fatar ƙwaya daga cikinsa yana taimaka wa Ras, ɗaya daga cikin manyan masu ingiza sankara, wajen isar da umarnin rabuwa. Amma a 2010, da ɗakin binciken Shelly Lu a Kalifoniya ya kashe PHB1 a hantar ɓera, gaɓar da labarin ya faro daga gare ta, hantar ta ji rauni, ta yi tabo, daga baya wasu ɓerayen suka kamu da sankarar hanta. Rashinsa yana jawo sankara a wani wuri, yawansa yana ciyar da ita a wani.

Irin wannan fuska biyu ta fi fitowa fili a tsibirin Kirit na ƙasar Girka. A 2009 Artal-Sanz da Nektarios Tavernarakis suka rage furohibitin a jikin tsutsotsin da suka riga suka ƙyanƙyashe. Tsutsa mai lafiya ta mutu da wuri, kamar yadda aka zata. Amma akwai wani nau'in tsutsa mai raunin saƙon insulin, wanda dama yakan ninka sauran tsawon rai. Da aka rage masa furohibitin, sai ya ƙara daɗewa a duniya. Haka ma tsutsotsin da aka taƙaita wa abinci. Abu guda, a jiki iri guda, yana gajarta rai ko ya tsawaita shi, gwargwadon yadda jikin ke sarrafa kitse da makamashi a lokacin.

Kitsen ne ma ya kusa kai furohibitin kantin magani. A cibiyar sankara ta MD Anderson da ke Houston, Renata Pasqualini da Wadih Arap suna neman alamomin da ke bambanta jijiyoyin jinin kowace gaɓa. Suka sami wani guntun furotin da ba ya manne wa ko'ina sai jijiyoyin da ke ciyar da farin kitse, kuma abin da yake kamawa a can furohibitin ne, zaune a fatar ƙwayoyin jijiyar. Mikhail Kolonin da sauran ayarin suka ɗaura wa guntun wani dafi mai fasa tantanin mitokondiriya. A 2004 suka ba ɓeraye masu ƙiba, suka zubar da kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinsu cikin wata guda. A 2011 aka gwada a birai masu ƙiba, suka rage kimanin kashi 11 cikin ɗari a mako huɗu, sai dai ƙodarsu ta nuna alamun wahala. Maganin, mai suna Adipotide, ya kai matakin farko na gwaji a jikin mutane, amma bai wuce nan ba.

Ƙwayoyin cuta ma sun san da wannan ƙofa. A 2004 masana a Delhi ta Indiya suka gano cewa rigar sukarin da ƙwayar cutar taifod ke lulluɓe da ita tana kama furohibitin a fatar ƙwayoyin hanji, ta haka take rage ƙararrawar da hanji ke bugawa don kiran garkuwar jiki. Wannan na cikin dalilan da ke ba ƙwayar damar ratsa hanji ba tare da hayaniya ba. Masana a Tailan kuma sun same shi cikin ƙofofin da ƙwayar zazzaɓin denge ke shiga ƙwayoyin sauro ta cikinsu.

Wani aikin da aka gano masa daga baya ya shafi kowane ɗan Adam. Mitokondiriya tana da ɗan sinadarin gadonta na kanta, kuma daga uwa kaɗai ake gadonsa. Ta uba, wadda maniyyi ke shigowa da ita, ana hallaka ta bayan ɗaukar ciki. A 2017 ɗakin binciken Beth Levine a Dallas ya nuna cewa idan mitokondiriya ta lalace, tantaninta na waje yakan yage, PHB2 da ke ɓoye a ciki ya bayyana, masu kwashe shara na ƙwaya su kama shi su haɗiye jakar gaba ɗaya. A jikin tsutsa, da aka hana maza PHB2, mitokondiriyar uba ta daɗe cikin ƙwai ba a share ta ba. Wanda ke tsare tantanin yana da lafiya, shi ne kuma ke miƙa shi ga masu rushewa idan ya lalace.

A 2025 masana a Göttingen suka daskarar da ƙwayoyin mutum suka ɗauki hoton furohibitin a mazauninsa da madubin lantarki. Ba shimfiɗaɗɗen zobe ba ne kamar yadda aka zana shi shekara ashirin. Siffar ƙararrawa gare shi, mai sassa 11, PHB1 da PHB2 suna karɓa-karɓa, kife a kan tantanin. Masu haɗa magunguna yanzu sun san siffar abin da suke nema, suna kuma da sinadaran da ke kama shi, ciki har da waɗanda aka samo daga itatuwan Aglaia na kudu maso gabashin Asiya. Sai dai har yau babu maganin furohibitin ko ɗaya da aka amince a ba marar lafiya, kuma ɓerayen da aka kashe musu shi gaɓa-gaɓa sun nuna dalili. Maganin da zai taɓa furohibitin na ƙari ko na kitse dole ne ya bar na ƙwaƙwalwa da na ƙoda da na zuciya su ci gaba da aikinsu, kuma wannan rarrabewa ita ce aikin da ke gaban masana yanzu.